Ranar da Walƙiya Ya Ja da Baya

"Ni fa ba hoto nake ɗauka ba, tarihi nake kafawa." Haka Walƙiya yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. Walƙiya dai mai hoto ne irin wanda ba shi da shago, sai jaka a kafaɗa da lambar waya. A kira shi biki, a kira shi taron makaranta, in rana ta yi baƙi har hoton fasfo yana yi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, wai saboda hasken kyamararsa. 'Yan layinsu kuwa Ja-da-baya suke ce masa, don bai taɓa ɗaukar hoto daga inda ya tsaya ba. A cewarsa, jawo mutum kusa ko nesa da madubin kyamara aikin malalata ne, gwani da ƙafarsa yake auna hoto. Sai ya manna ido a kyamara ya yi ta tafiya da baya kamar rago zai yi karo. Riƙe wannan, abokina, za mu dawo kansa.

To, matarsa tana da yaya, manajan wani otal na masu zuwa hutu. Ta yi ta roƙo, ta yi ta naci, har Yaya ya gaji ya amince: su zo hutu da yara, ɗaki kyauta, Walƙiya ya ɗauki hotunan tallar otal. In sun yi kyau, duk aikin hoton gidan ya zama nasa, ya huta da bin bukukuwa yana rabon kati. Tun a mota take jan kunnensa.

"Baban yara, don girman Allah ka rufa min asiri a gaban Yaya. Da ƙyar na shawo kansa."

Gogan naka ya gyara zaman hula ya ce ta kwantar da hankalinta, Yaya da bakinsa zai roƙe shi ya rage wa hotunan kyau, kada baƙi su yi wa otal yawa. Sharaɗinsa ɗaya ne: in yana aiki, kada ta ce masa uffan, ba a yi wa gwani magana yana kan kyamara.

Suna isa ya tara ma'aikata ya yi musu lacca, wai hoton gini sai da hasken fitowar rana, wanda bai san wannan ba bai san komai ba. Gari na wayewa ya yi sallah, ya ce bari ya ɗan miƙe baya. Katifar otal fa ba irin ta gida ba ce, ga sanyin na'ura yana busowa. Bai farka ba sai da rana ta take tsaka. Ya fito yana mutsittsike ido, ya sanar da kowa cewa hasken safe ai tsohon yayi ne.

Daga nan ya faɗa ɗakin cin abinci. Ana ajiye wa wani dattijo farantinsa, Walƙiya ya sure farantin ya kai bakin taga. Ya juya shi gabas, ya juya shi yamma, ya goge bakin farantin da hannun riga, ya hau kujera, ya sauko, ya sake hawa. Dattijo yana zaune da cokali a hannu har tururi ya ɗauke. Can dai ya ce cikin sanyin murya, "Ɗana, in ka gama ka turo min hoton in ci."

Labari ya kai kunnen Yaya. Ya kira shi gefe, ya ce shi fa ba faranti yake so ba, mutane yake so a gani suna hutawa, suna dariya, yadda wanda ya ga hoton zai ji kamar ya haɗa kaya ya taho. Walƙiya ya ce wannan ai kamar an ce da kare je ka gidan biki ne.

Matsalar ita ce, duk rayuwar bawan Allahn nan jera mutane ya iya. Da la'asar ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya ya tashe su daga kujerun shan iska, wani da tawul a wuya, wata da lemo a hannu, ya jera su a jikin bango suna fuskantar tafkin ninƙaya. Dogaye baya, gajeru gaba, yara su durƙusa. Har bakinsa ya suɓuce ya ce dangin ango su matsa dama. Ya kafa musu doka: ba motsi, ba magana, kowa ya yi fara'a. Bayin Allah suka tsaya ƙiƙam kamar masu layin allura.

Layi ya yi tsawo, kyamara ta ƙi cinye shi. Ka san abin da ya biyo baya. Walƙiya ya manna ido, ya fara ja. Matarsa ta hango ruwa a bayansa, ta buɗe baki za ta yi magana. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ɗaga mata tafin hannu. Ta haɗiye maganarta. Su ma baƙin sun hango, amma ai shi ya hana magana. Sai fuskoki suka fara washewa. Yana ja, murmushi yana ƙaruwa, yana ja, haƙora suna fitowa. Daɗi ya kashe gogan.

"Yauwa, kun gani ko? Haka nake so, ku riƙe shi. Bari in ɗan ƙara ja."

Tsundum!

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: kyamarar ba ta jiƙa ba. Ya nutse har hula, amma hannun nan yana sama kamar tuta, yatsa a danne, kyamara tana ta ƙyas-ƙyas-ƙyas ita kaɗai. Ya yi ta bundum-bundum yana salati yana neman ceto, sai da wata tsohuwa ta ce masa ya miƙe tsaye mana. Ya miƙe, ashe ruwan iya ƙugu ne. Baƙi kuwa har da masu faɗuwa ƙasa don dariya, kowa waya a hannu. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kana zaton zai ji kunya? Ina! Ya fito ruwa na zuba daga aljihunsa, ya ce da gangan ya yi, tsohuwar dabara ce ta gwanaye don a sami dariya ta gaskiya. Aka taru aka buɗe kyamara don a ga dariyar. Sararin sama. Sararin sama kuma. Reshen bishiya. Sai takalminsa ƙafa ɗaya yana shawagi, shi kam ya fito tas.

Washegari Yaya ya kira su ofis. Matar ta shiga jiki a sanyaye, ta riga ta shirya ban haƙuri. Suka tarar da wayar tebur tana ta ƙara. Ashe baƙi sun watsa bidiyon faɗawarsa ruwa, mutane sai bugowa suke suna neman ɗaki.

Yaya ya dube shi ya ce, "Malam mai hoto, ka ce da gangan ka yi?"

"Ƙwarai kuwa, Yaya. Ko yanzu aka ce in sake, sai in sake."

"Madalla. To aiki ya samu. Duk Asabar da la'asar, a bakin tafkin nan, kamar yadda ka yi jiya."

Walƙiya ya juya ya kalli matarsa yana hura hanci, irin kallon ba na gaya miki ba. Sannan ya gyara murya ya tambayi Yaya wace kyamara zai riƙa zuwa da ita, babbar ko ƙaramar.

Yaya ya ce, "Kyamara kam bar ta a gida, baƙi duk suna da waya. Kai dai ka riƙa tahowa da wandon canji."