Kat-kat Mai Launin Rairayi

Shekarar da tawaye ya yi zafi na sayi tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai ratsa hamada, a Arlit. Na sa aka cire rufin baya, aka ɗaura bidon huɗu, wato jarkokin mai, aka yi mata fenti launin rairayi.

Makanikina ya ce, "Alhaji, da dai fari ka zaɓa."

Na ce, "Kai ƙarfe ka sani, ni na san kyau."

Ashe motar 'yan tawaye sak na haɗa. Da na doshi shingen sojoji, duk suka kwanta, bindigogi na kallona. Kwana biyu ina tsare a hannunsu ina rantsuwa albasa nake sayarwa.

Tuni na mayar da ita fara. Amma har yau mahautan kasuwa sukan ƙame su sara mini: "Kwamanda, albasa ta iso?"