Ranar da Na Koya wa Na'ura "Wancan"

Bayan rasuwar mijina, Idi maƙeri, Allah ya jiƙansa, 'yata Hadiza ta zo Tarka da na'urar da ita da abokan aikinta suke haɗa wa makiyaya a waya. Kayan aikin na'urar biyu ne, na ciwon dabba da na labarin ruwan sama. Bayanin da aka rubuta mata take bi ta zaɓi ɗaya.

Ta ce, "Inna, saurara ki ji ko bayanin ya yi."

Na ce, "Surutu ya yi yawa. Shekara arba'in ubanki yana cewa 'miƙo wancan', ban taɓa ba shi masaba maimakon awartaki ba." Hawaye suka zubo mini, amma na dage a rubuta mata "wancan" kawai, don ina son ganin ko na'ura za ta iya abin da na iya.

Hadiza ta goge bayanin, ta sa "wancan". Maƙwabciyata Talatu ta tambayi maganin kumburin cikin akuyarta. Na'ura ta ce gobe akwai hadari.

Talatu ta ce, "Ita akuyar za ta kai goben?"

Da Hadiza ta maido bayanin, na'ura ta faɗi magani, akuya ta kai goben. Amma har yau a bakin rijiya mai son guga sai ta ce, "Inna, miƙo wancan." Ni kuwa daidai nake miƙawa.