Yadda Aka Kawo Ƙarshen Ƙorafi

Wani ne aka ɗauke shi aikin gwaji a wata ƙungiya mai haɗa manhaja, wadda ma'aikatanta ke warwatse a ƙasashe daban-daban. Oga ya zaunar da shi gaban kwamfuta ya nuna masa sunayen shafukansu, da sabobi biyu, wato manyan kwamfutoci masu kula da sunayen. Su ne in ka rubuta sunan shafi suke nuna wa kwamfutarka hanya.

Oga ya ce, "Sunayen nan sun cakuɗe, kullum ƙorafi. Zan yi tafiya. In na dawo ƙorafi ya ragu, aiki ya zama naka."

Ya ce, "Oga, ragi kawai? Ka je ka dawo."

Mutumin ya naɗe hannun riga. Duk sunan da bai gane ba, ya goge. Wanda ya yi masa tsawo, ya goge. Ya leƙa saba ta biyu, ya tarar abin da ke cikinta daidai yake da na ta farko.

Ya juya wajen wata mai zanen shafuka da ke teburin gefe. "Yaya, dubi ɓarna. Ashe kwafar amsa kawai take yi."

Ta ce, "An yi ta ne don in ɗaya ta faɗi, ɗaya ta riƙe."

"To ta faɗi?"

"A'a."

Ya kashe ta. Ta farkon kuma ya sake mata suna, wai tsohon ba shi da tsari.

Tun daga ranar shiru. Ba saƙo, ba ƙorafi. Har kujera ya sa aka canja masa, ya fara koya wa masinja yadda ake gudanar da aiki.

Sai ga oga ya faɗo ofis da jakar tafiya a hannu, waya manne a kunne, gumi har ƙeya.

"Kai, me ka taɓa? Daga ƙasashe nawa ake kirana! Shafi ba ya buɗewa, imel ba ya shiga!"

"Oga, ni dai ba wanda ya rubuto mini."

"Ta ina za su rubuto? Sunan akwatin saƙon ka goge!"

"Shi ya sa wurin ya yi tsaf."

Oga ya dafe tebur. "Ka dai ajiye kwafin tsofaffin sunayen?"

"Sosai. Ni ba na wasa da aiki."

"Yana ina?"

"A shafinmu."

Mai zanen ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa don dariya. Oga ya sassauta murya.

"Ɗan'uwa, kunna saba ta biyun. Komai na cikinta. Ka maido da su yadda ka same su."

Mutumin ya kai yatsa kan maɓalli, ya tsaya, ya ɗago.

"Oga, zan kunna. Amma Yaya ce shaida, in ƙorafi ya dawo, kai ka dawo da shi."