Farfesan Ruwa Ya Ƙara Gishiri

A duk layinmu babu masanin ruwa kamar Farfesa. Ba wata jami'a ce ta ba shi muƙamin ba, maƙwabta ne suka laƙaba masa, shi kuwa don tsabar tawali'u ya karɓa hannu bibbiyu. Na san shi ciki da bai, tunda kullum ni nake aske masa gemu a gaban madubi. To, ni ne dai. Amma babban mutum irin wannan bai kamata a riƙa ce masa "ni" gatsau ba, don haka mu ci gaba da Farfesa.

Da ya yi ritaya daga ofis, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga hatimi a takardu, sai ya gano ashe kimiyya aka haife shi ya yi. Ya sa aka haƙa tafkin ninkaya a tsakar gida, a kan rabin lambun uwargida. Ita ma ba don kyan fuskarsa ta yarda ba. Likita ne ya ce mahaifiyarta, Inna, ta riƙa tattaki cikin ruwa saboda ciwon gwiwa. Sai ta gindaya masa sharaɗi: Inna ta zo ta tarar da ruwa garau, kuma kada abin da ya taɓa bishiyar lemonta. In aka saɓa ko ɗaya, a cike ramin da ƙasa, lambu ya dawo.

Tafkin Farfesa ba na gama-gari ba ne, na gishiri ne. A zuba gishiri daidai gwargwado, wata na'ura a gefe ta mayar da shi kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Kowace safiya zai fito cikin farar riga irin ta likitoci, tabarau a karan hanci, ya tsoma 'yar takardar gwaji, ya ɗaga ta sama yana gyaɗa kai. Tsakaninsa da Allah bai taɓa gane abin da launin yake nufi ba, amma gyaɗa kan yana fita da kyau.

Duk maƙwabcin da tsautsayi ya sa ya leƙo, sai ya sha lacca.

"Ka ga, ruwa mulki ne," in ji Farfesa. "Asid na ja nan, soda na ja can, gishiri na tsakiya. Sai an dace da shugaba mai hangen nesa."

Rannan na'ura ta kunna jar fitila, wai gishiri ya yi ƙaranci. Shugaba mai hangen nesa ya farke buhu ya juye. Fitila ba ta mutu ba. Ya ƙara buhu, ya kuma ƙarawa, har mai shago ya tambaye shi ko fatu yake jima. Ruwa ya fara dishi-dishi, ya koma kore, gansakuka ta kama bango. Kwaɗon da ya faɗa ciki ma bai zauna ba, ya fito a fusace. Uwargida ta ce ya kira masu gyara mana. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ruwan yana cikin wani mataki ne da sai masana.

Ana gobe Inna za ta zo, hankalin Farfesa ya tashi ƙwarai. Ya yi wa na'urar gwaji na ƙarshe da kimiyya ta tanada, wato ya haure ta da ƙafa. Murfi ya faɗo. Sai ga ƙarafan ciki sun yi farin ɓawo kamar gindin tsohuwar butar shayi. Ashe baiwar Allah harshenta ne ya toshe, ba ta ɗanɗanar komai, shi ya sa take ta kukan gishiri. Da ya wanke ta ya mayar, sai ta faɗi gaskiya: gishiri ya wuce hankali.

Shi kuwa gishiri in ya shiga ruwa ba ya fita da lallashi. Dole a zubar da rabi a cika da na famfo. Kwatar titi tana nan a ƙofar gida, amma ina! Koren ruwa ya malalo daga gidan Farfesa, maƙwabta na kallo? Ya jira uwargida ta tafi kasuwa, ya ja tiyo zuwa gindin lemo, ya shaida wa kansa cewa wannan ban-ruwa ne na zamani.

Kuma abin ya yi. Inna ta zo ta tarar da ruwa ba laifi, ta shiga tana takawa tana sa masa albarka. Farfesa ya tsaya a bakin tafki, hannaye a baya, yana cewa ai ba komai Inna, ilimi amana ne.

Ba a jima ba ganyen lemo ya fara zubowa cikin tafkin, rawaya, a murɗe. Uwargida ta tsuguna a gindin bishiyar, ta lakato farin abin da ya bushe a kan ƙasa, ta sa a harshe. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ma ta yi. Bishiyar nan da hannunta ta dasa ta shekarar da muka tare a gidan, kuma ganin ƙwalla a idonta ya fi mini zagi ciwo. Ta share fuska, ta ɗauki waya ta kira mai tifa.

Yanzu Inna tana tattakinta a tafkin wani asibitin gashin ƙashi, Farfesa ne direba. Inda tafki yake an yi kunyoyi, kuma an ba shi sabon muƙami na riƙe tiyo. Jiya ya fito da 'yar takardar gwajinsa, yana bayanin cewa ita ma ƙasa tana da tsami. Uwargida ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maigida, ruwan famfo ne, Allah ya riga ya haɗa shi. Kai dai riƙe tiyo."