Hatimin Fir'auna da Na Gano a Saƙƙara

Laifin rediyo ne. A nan na ji cewa a tsibirin Kirit akwai kangon wata fada mai rubutun da har yau ba wanda ya iya karantawa. Tun ranar nake ƙaiƙayin in gano nawa.

Da muka je kangayen Fir'aunoni na Saƙƙara daga unguwarmu ta Abbasiya, ni da abokin ɗakina Sani, sai na hangi wani faffaɗan dutse kusa da rumfar masu gadi, an jera masa ramuka biyar-biyar. Ni da na gaji hatimi wurin kakana! Na durƙusa ina kwafa.

"Sani, hatimin Fir'auna ne wannan. Turawa sun wuce shi ba su gani ba."

"Allah, Malam?"

"Kai dai tsaya."

Ina cikin ƙirga gidajen sai ga tsohon mai gadi da tsakuwa cike da hannu. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Shehu, matsa kaɗan." Ya kira abokin aikinsa, suka zauna suka fara zubawa. Ashe dara ce irin tasu, tsohon ne ya fafe ta da ƙusa bara.

Sani ya yi dariya har da hawaye. Har yau ko a Kano muka wuce 'yan dara sai ya riƙo hannuna: "Malam, a fassara mana."