Yadda Za Ka Hana Manya Barci a Gaban Majigi

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. A aji huɗu na tsaya, kuma ko gaisuwa sai na haɗiye yawu. Amma shekara uku ina raba shayi a ɗakin taron ofis ɗinmu, na ga majigi yana kwantar da mutane fiye da maganin mura. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai yi maka minshari.

1. Rage shafuka
Mai Kwat, sabon ma'aikacinmu, shafi arba'in ya haɗa kan gyaran ofis. Kada ka yi haka. Baba Darakta a shafi na shida yake tafiya, Anti Sakatariya ta bi shi a na tara.

2. Ƙara girman rubutu
Manya ba sa yarda idonsu ya yi rauni. In rubutu ƙanana ne, sai su lumshe ido wai tunani suke. Daga lumshewa kuwa sai abin da hali ya yi.

3. Daina karanta wa bango
Bango ba ya sa hannu a takarda. Awa guda Mai Kwat ya ba mu baya. Na san ƙeyarsa fiye da fuskarsa.

4. Duba waye a farke
A shafi na talatin da ɗaya ya nuna hoton injin shayi, da rubutu a ƙasa. Ni harafi-harafi nake karatu, amma na kai ƙarshe: "Ba a buƙatar mai shayi." Ya waiwayo, ya ga kawuna suna sauka suna tashi saboda gyangyaɗi.
"Madalla, kowa ya amince," in ji shi.

5. Nemo ƙara
Na saki tiren shayin da ke hannuna. Kofi goma sha biyu.
Baba ya zabura. "Ina ji, ina ji!" Ya gyara tabarau, ya karanta. "Kai, wace mai shayin?"
"Ranka ya daɗe, inji ya fi sauri," in ji Mai Kwat.
"Injin naka zai sa mini sukari cokali biyu in Anti ba ta kallo?"
"Au!" in ji Anti. "Ashe haka ake yi, Baba? Sai likita ya ji!"
Baba ya dubi Mai Kwat. "Goge shafin nan. 'Yata, kin ji ciwo?"
Na girgiza kai, ina tsince fasassun kofuna.

Gargaɗi
In ka bi wannan aka kore ka, ko gilashi ya yanke ka, ko asirin wani ya tonu, ba ruwana. Ni mai shayi ce.

Washegari da safe na kai wa Baba nasa, cokali uku, na tsaya tsakaninsa da Anti har ya shanye. Mai Kwat kuwa na ajiye masa ruwan zafi da ganyen shayi da kofin roba, na bar shi ya haɗa da kansa.