Kaset Ɗin da Ya Maƙale a Motar Kaka Arvid

"Ya sanyi kuma, tsoho mai ran ƙarfe?"

"Sanyi yana gaishe ki. Ina abin da na aike ki?"

Linnea ta bubbuga takalmanta a bakin gareji ta kaɗe dusar ƙanƙara, sannan ta ajiye leda a kan bonet ɗin tsohuwar a-kori-kurar kakanta. Arvid Lehto yana jingine da motar, kofinsa yana tururi. Tun da likita ya ce idonsa ya daina isa tuƙi yake fushi da kowa, har ya kira Duane mai sayen tsoffin ƙarafa ya ce ya zo da tsakar rana ya ja motar ya tafi da ita. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. A cikin rediyon motar akwai kaset da ya maƙale tun kafin a haifi Linnea, na wasu makaɗan rok, kiɗan Turawa mai jita da ganga, da ake kira Tin Herons, wanda marigayiya matarsa Noreen ta naɗa da kanta a wajen wasansu tana budurwa. Duk bakaniken da ya duba sai ya ce in aka ɓamɓaro shi zaren zai tsinke. Arvid ya ce shi zai ciro abinsa, shi ya sa ya aiki jikarsa sayen sukudireba.

Ya buɗe ledar ya leƙa. Galan ɗin man inji ne a ciki, da burodin kirfa mai ɗumi.

"Wannan ce sukudirebar zamani? Sha ake yi ko shafawa?"

"Man na motata ne. Burodin naka ne, na duba duk kantin shi kaɗai sauran haƙoranka za su iya da shi."

"Motarki? Yaushe aka raba gado ban sani ba? Ko na mutu ne ba a gaya mini ba?"

"Ana nan ana shawarar wanda zai gaya maka."

"Ja'ira. Ke da na riƙe a tafin hannu ɗaya kina ihu kamar an taka mage."

"Ihun ganin fuskarka ne. Kaka, motar nan ta wanda ya fi son Tin Herons ce, kuma a dangin nan kaf ni ce."

Tsohon ya ajiye kofi a hankali, kamar wanda aka zaga a gaban jama'a.

"Ke? Ke da kike jin su a waya, kin toshe kunne da 'yan igiyoyi kamar mara lafiya a gadon asibiti? Ni da idona na gan su. Mai gangarsu ƙafata ya taka, na yi wata ban wanke takalmin ba."

"Wannan ba so ba ne, ƙazanta ce. Kuma Kaka Noreen ta ce auduga ka cusa a kunne ranar."

"Noreen ta iya ƙarin gishiri."

"Ta ce har ta hango audugar tana leƙowa kamar kunnen zomo."

Arvid ya gutsuri burodi, ya daɗe yana taunawa. Linnea ta san wannan shirun. Duk lokacin da ya yi shi, ya bar garejin ke nan, ya koma wani zamani.

"Ni ba kallo na je ba," ya ce. "Aiki nake yi a ɗakin wasan zamiya a kan ƙanƙara. Garin nan ba shi da wani zaure da zai ɗauki jama'ar, sai aka ce mu shimfiɗa katako a kan ƙanƙarar. Ni na shimfiɗa. Na ɗan yi ha'inci, na sa marar kauri. Da yamma mutane suka cika, sanyi ya riƙa hawowa ta tafin ƙafa, kowa ya kama tsalle don kada ya daskare. Makaɗan suka zaci daɗin kiɗa ne, suka ƙara wuta. Tun daga ranar duk inda suka je tsalle ake yi musu. Ni na koya wa ƙasar nan rawa, yarinya, ba a dai ba ni lambar yabo ba."

"Za a ba ka, da ta ƙarya a haɗe. Ina audugar ta shiga?"

"Ƙarar ce ta ishe ni. Jita tana kuka, ganga tana dukan ƙirji, na ce wannan ba kiɗa ba ne, rushe gini ake yi. Ina tsaye a gefe sai ga wata mai rigar sanyi ruwan ƙwai, ta ɗaga rakoda sama da hannu biyu, hannun yana rawa don gajiya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini. Bakinta yana motsi ba na jin komai. Sai na zare audugar don in ji sunanta." Ya shafa kunnensa na dama. "Sunan ya shigo, kiɗan ya biyo shi. Har yau ba wanda ya fita."

Ta ƙofar garejin ana hango tafki, fari fat, hazo yana kwance a kansa. Linnea ta juyo daga kallon tafkin.

"To ka gani. Kai sai da mace ta ja ka, da gemunka. Ni ko haƙori ban yi ba na fara."

"Kuka kika fara."

"Kuma me yake sa ni shiru? Mama tana aiki, ku biyu ku ɗaure ni a tsakiya ku yi ta zagaye bakin tafki. Ina jin ɗumin hita a ƙafata, ina jin ƙanshin rigar Kaka Noreen, waƙar jirgin ruwan nan da ya fita cikin hazo tana tafiya a hankali, itatuwa suna wucewa. Na daɗe ina zaton motar ce take rerawa."

"Da ma ƙwaƙwalwar taki ba ta taɓa yin nisa ba."

"Gado na yi. Ka san ranar da na fara jin waƙar a waya, ina sakandare, kashewa na yi? Na ce an lalata ta. Gudu take yi kamar ana korarta. Ashe namu kaset ɗin ne ya saki don tsufa, kamar mai shi."

"Kin gani ko? Ba ki ma san waƙar gaskiya ba."

"Tamu ce ta gaskiya. Tasu akwai rami a tsakiya."

"Wane irin rami?"

"Wajen da ganga take yin shiru, jita ta rage ita kaɗai. A tasu ba komai a wurin. A tamu mace tana dariya, ta ce, 'Ɗaga hannun sama mana, dogo.' Wani gardi ya ce hannunsa ya sage. Wata rana muna rera ta da ƙawayena a makaranta, muka zo wurin, na tsaya na yi dariyar na faɗi maganar. Duk suka zuba mini ido. Ni ban taɓa sanin ba a cikin waƙar take ba."

Arvid ya dubi rediyon motar. Linnea ta san bai kunna rediyon nan ba tun ranar da aka dawo daga jana'izar Noreen. Ta kuma san cewa idan ya sa ƙarfe a bakin kaset ɗin, ko kuma Duane ya ja motar, dariyar nan ta tafi ke nan, ba inda za a sake samunta. Ta sunkuya ta ɗago igiyar wutar da ta fito daga hancin motar zuwa bango.

"Wannan fa? Mutumin da zai ba 'yan ƙarafa mota shi ne yake jona mata wuta kullum don kada injinta ya ji sanyi?"

"Mantuwa ce irin ta tsufa."

"Mantuwar da ba ta taɓa tsallake rana ba? Shiga ka zauna, Kaka. Ba can ba, wannan kujerar direba ce, ta masu ido."

Ya yi tsaki, amma ya zagaya ya shiga wajen da Noreen take zama. Ya laluba aljihu ya miƙo makulli ba tare da ya dube ta ba. Motar ta yi tari, ta sake yi, sannan ta tashi. Linnea ta kunna rediyon, kaset ɗin ya ci gaba daga inda ya tsaya, tsakiyar waƙar jirgin, ana jin ƙafafun mutane suna dukan katako. Gilashi ya fara yin gumi. Ganga ta yi shiru, jita ta rage, sai ga dariyar, siririya, ta budurwar da ba ta san za ta yi jika ba. Linnea ta ga hannun kakanta na dama ya ɗan tashi daga gwiwarsa, kamar zai ɗaga wani abu sama, sannan ya koma.

"Ƙarya ta yi mini," ya ce. "Hannuna bai taɓa sauka ba."

"Ga shi kuwa muna jin kana mita."

Hon ya yi ƙara a bakin titi. Duane ne da motar jan kaya. Linnea ta riƙe sitiyari da kyau, ba ta motsa ba.

Tsohon ya share ido da hularsa, ya dubi makullin da yake lilo a jikin motar, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Kin ci ni, 'yar fashi. Ɗauki sauran burodin ki kai wa Duane, ki ce masa mai motar ta ce ba ta sayarwa ba ce."

"Wace ce mai motar? Faɗa da ƙarfi, kunnena akwai auduga."

"Wata mara kunya ce da ba ta iya aike ba. Yi sauri ki dawo, ki kai ni bakin tafki. Kuma a hankali za ki tuƙa, daidai da tafiyar kaset ɗin."